Kwana Uku Motar Auta Ta Yi

"Baba, an ɗauke motar."

Iyakar abin da Auta ta iya faɗa ke nan a waya, sauran duk numfashi ne. Mai Sawu ya ce mata kada ta bar kowa ya taka wurin, ya zari hularsa da tabarau ya fita. Shekara talatin ya yi a aikin gandun daji yana bin sawun maharba da ɓarayin katako, har sunan ya manne masa bayan ya ajiye aiki, amma bai taɓa fita bin sawu gabansa na faɗuwa irin na yau ba.

Ya san abin da motar ta ci. Shekara uku 'yar autarsa tana karɓar ƙarin aiki a asibitin da take jinya, ta sayar da keken ɗinkinta da 'yan kunnenta, duk don mahaifiyarta da ake kai wa wankin ƙoda sau biyu a mako ta huta da tsayuwa a bakin titi. Abin da kuɗin ya iya saya wata ƙaramar mota ce shuɗiya, tsohuwa tukuf, tayoyi uku iri ɗaya, na huɗun daban. Kwana uku kacal ta yi a hannunta.

Tun daga kwanar layin ya jiyo hayaniya. Gidan haya ne mai hawa biyu, da fili a gaba wanda ba a yi wa siminti ba, da get na ƙarfe. Mutanen gidan sun yi cincirindo, mai gadi yana zaune a ƙasa a tsakiyarsu, wuyan rigarsa a yage.

"Mota ba allura ba ce," in ji mai gidan hayar, yana nuna shi da waya. "Ta get ta fita, kai ne a get. Na kira 'yan sanda, sun ce ƙarfe huɗu za su zo. Can za ka tuna."

"Ku ɗaga shi ya zauna a kan benci," in ji Mai Sawu. "Sannan kowa ya ja baya zuwa bakin matakala. Kun riga kun tattake mini rabin aikina."

Auta tana tsaye da farin kayan aikinta, makullin motar a damƙe a hannunta. Mai Sawu bai iya haɗa ido da ita ba.

*

An yi ruwa da asuba, ya ɗauke wajen ƙarfe biyar. Inda motar ta kwana ya fito sarai, busasshen wuri a jikin bangon gidan. Ɗigon baƙin mai ya nuna masa inda hancinta yake. Babu ɓarɓashin gilashi ko ɗaya, wato da makulli aka buɗe ta. Ɓangaren ƙofar direba, wanda ke fuskantar fili, ƙafafun 'yan kallo sun gama da shi.

Ya zaga ɗaya gefen. Tsakanin inda motar ta tsaya da bango bai wuce kamu biyu ba, ba wanda ya bi ta nan don kallo. Ya durƙusa, gwiwoyinsa suna ƙara, ya gyara tabarau. Sawu biyar. Takalmi sau-ciki, na namiji, ƙasansa ya suɗe. Mutumin a kaikaice ya shiga, har bayansa ya goge farar ƙasar bango. Ya tsaya daidai ƙofar mai zaman gaba, ƙafar hagu ta nutse, daga nan sawun ya ƙare. Bai fito ba.

Mai Sawu ya daɗe a wurin. Me zai sa mutum mai makulli, mai sauri, ya bar ƙofar direba a sarari ya matse kansa a wannan lungu?

Ya bi tayar nan da ta fita daban har waje. Ta yi dama, ta wuce shago biyu, ta hau kwalta, shi ke nan. Ya tsaya yana kallon motoci na wucewa. A daji ƙasa tana yi masa magana har yamma. Nan taku arba'in ta yi shiru.

*

Ya ja mai gadi zuwa ɗan ɗakinsa na bakin get, ya tura ƙofa.

"Ina kake tsakanin biyar da shida?"

"Ina nan, Baba. Barci ne ya ɗauke ni."

"A kan wannan tabarmar?"

"E."

Mai Sawu ya sunkuya ya kaɗe ƙafar wandon mutumin da yatsa. Farin gari ya tashi.

"A mafarki ka sauke buhunan fulawa?"

Mai gadi ya rufe fuska da hannu biyu. Wata huɗu ke nan, in ji shi, kullum biyar da kwata yakan zame ya tafi gidan burodin bayan layi ya yi dako na awa ɗaya. 'Ya'ya biyar gare shi. Get ɗin sakata kawai yake sa mata, ba ya kulle kwaɗo, saboda masu fita aiki da wuri.

"In mai gidan nan ya ji, na rasa aikin."

"In bai ji ba, ka kwana a bayan kanta. Wa ya san kana fita?"

"Ba kowa. Sai dai ranar da dillali ya kawo motar, mun ɗan taɓa hira. Ya ce aikin gadi akwai wuya, na ce ai har haɗawa nake da dako da asuba. Kuma mijin Nas yana ganina, don shi ma da wuri yake fita. Yau ma ya riga ni. Tun kafin biyar ya tura babur ɗinsa waje, bai ko tayar da shi a ciki ba."

Nas ita ce Auta, haka 'yan gidan ke kiranta. Surukin Mai Sawu a maɗaba'a yake aiki, kuma shida da rabi yake fita, kowa ya sani.

*

Garejin bakaniken da ya duba wa Auta motar kafin ta saya yana ƙarshen layi. Ya fito daga ƙarƙashin wata bas yana goge hannu, ya gaida Mai Sawu a ɗarare.

"Jiya makullin ya yi awa biyu a hannunka," in ji Mai Sawu.

"Ƙofa na gyara, Baba. Ƙofar direba ba ta buɗuwa daga waje, tun a wurin mai ita na farko. Sai an zaga ta ɗaya gefen a tsallaka kujera. Jiya da yamma na sauya mata hannu, a nan cikin filin gidan, a gaban kowa. Har mai gidan hayar ya leƙo ya ce na cika buge-buge."

Mai Sawu ya tsaya cak. Sawun lungun nan biyar suka dawo masa ɗaya bayan ɗaya.

"Ta buɗu bayan ka gama?"

"Da yatsa ɗaya."

"Ina ka samo hannun ƙofar?"

"Wani tsoho ne da ke yashe a nan. Kyauta na ba ta."

A cikin durom ɗin shara, kusa da ƙafar bakaniken, akwai sabon kwali mai hoton hannun ƙofa, ko maiƙo bai taɓa shi ba. Mai Sawu ya dubi kwalin, ya dubi mutumin. Bakanike ya kau da kai ya shiga neman sifana da ke hannunsa.

"Ƙarfe huɗu ina son ganinka a gidan," in ji Mai Sawu.

Ya fito da abu biyu. Ɓarawon ya san ciwon ƙofar, amma bai san an warkar da ita ba. Kuma bakanike yana ɓoye wani abu, ko yana ɓoye wani.

*

Dillali yana da rumfa a bakin babban titi, motoci shida a jere, kowace an rubuta mata farashi da alli a gilashi. Mutum ne mai tsafta da ƙamshin turare. Da ya ji labari sai ya dafe kai, ya sa aka kawo wa Mai Sawu kujera da ruwan sanyi.

"Wallahi kamar ni aka yi wa. Baiwar Allah nan sau huɗu tana zuwa kafin mu daidaita. Na ce mata da wannan kuɗin ba a samun mai lafiya ƙalau, a zaɓi ciwon da za a iya zama da shi. Ban ɓoye mata komai ba. Ga tsiyayar mai, ga taya, ga ƙofar direba da sai an zaga. Har ragi na yi mata a kan ƙofar."

"Makulli nawa ka ba ta?"

"Ɗaya. Ɗaya aka ba ni." Ya matso da kujerarsa, ya rage murya. "Baba, ba na son shiga tsakanin iyali. Amma ranar ciniki maigidanta ya zo nan ransa a ɓace. A gabana ya ce ba mota ta saya ba, akwala ta saya, kuma ko ta halin ƙaƙa sai ya raba ta da ita kafin ta cinye musu gida. Ni dai abin da kunnena ya ji na faɗa."

Mai Sawu ya kalli ƙafarsa. Silifas ne na fata, sabo. Bai sha ruwan ba. Ya ce masa 'yan sanda za su so jin bakin wanda ya sayar, ya zo ƙarfe huɗu.

"Ko ba a kira ni ba ai zan zo," in ji dillali.

*

Ya sami Auta a falonta, ba ta ko cire kayan aiki ba. Ta ce Inna, mahaifiyarta, ta kira sau biyu tana tambayar ƙarfe nawa za a zo ɗaukar ta gobe, ita kuwa ta kasa gaya mata.

"Mijinki yana nan aka gyara ƙofar?"

"Bai dawo ba sai bayan an gama. Kuma ba ma maganar motar, Baba. Tun ranar da na saya, in na ɗauko zancen sai ya tashi."

"Wane takalmi ya sa yau?"

Ta ɗago kai a hankali. Ta girma a gidan mai bin sawu, ta san abin da tambayar take nufi.

"Sau-cikinsa na aiki." Muryarta ta yi ƙasa. "Baba, uban 'ya'yana ne."

"Na sani."

"Ka ce mini ba shi ba ne."

Bai ce ba. Shi ya zaɓi ya amince da yaron nan shekara tara da suka wuce, lokacin da 'yan uwa ke cewa ba shi da komai. In ƙasa ta nuna shi, a gaban 'yan haya da 'yan sanda zai faɗa, kuma gidan 'yarsa ne zai rushe da bakinsa. In ya yi shiru, mai 'ya'ya biyar ne zai tafi.

"Kawo takardun motar," ya ce. "Akwai lambar mai ita ta farko?"

Akwai. Wata dattijuwa ce ta ɗauka, tsohuwar malamar makaranta da ciwon ƙafa ya zaunar, shi ya sa ta sayar. Ya yi mata tambaya ɗaya, ta amsa ba tare da tunani ba. Ya roƙe ta ta bar wayarta a kusa da ita ƙarfe huɗu.

Amsar ta ɗan sassauta masa, amma ba ta wanke kowa ba. Makullin Auta a kan firji yake kwana, duk wanda ke cikin gidan zai iya kai shi a yanko wani.

Kafin lokaci ya yi, ya karɓi tsintsiya ya share bakin get da kansa, ya yayyafa ruwa.

*

Ɗan sanda ɗaya aka turo, saje mai furfura, da littafi a hammata. Aka jera benci biyu a fili. Mai gadi, bakanike, dillali. Surukin ne ya zo ƙarshe, tawada a yatsunsa, ya durƙusa ya gaida Mai Sawu, ya zauna nesa da kowa. 'Yan haya sun cika matakala.

Mai Sawu ya kai saje lungun ya nuna masa sawun, sannan ya dawo tsakiya.

"Wanda ya ɗauki motar nan da makulli ya zo. Ya bar ƙofar direba, ya matse kansa a jikin bango ya shiga ta ɗaya gefen. Ya yi haka ne don ya san ƙofar direba ba ta buɗuwa. Abin da bai sani ba, jiya da yamma an gyara ta."

Dillali ya ɗan motsa a kan benci.

"Mai gadi, kana nan aka gyara?"

"Ni na riƙe masa ƙofar."

"Bakanike shi ya yi aikin. Su biyun nan da sun tashi sata, ta ƙofar direba za su shiga kamar kowa. Saura mutum biyu da suka san ciwon ƙofar amma ba su ga gyaran ba."

Ya juya wajen surukinsa. Auta ta kama ƙarfen matakala.

"Me ya fitar da kai kafin biyar?"

"Aiki, Baba. Na karɓi ƙarin awa biyu na wannan makon."

"Ka ce za ka raba ta da motar?"

"Na faɗa. Raina ne ya ɓaci."

"Ka san an gyara ƙofar?"

Surukin ya sunkuyar da kai. Matakala ta ɗauki gunaguni. Saje ya buɗe littafinsa.

"A'a, ni dai ba zan iya ba," in ji bakanike, ya miƙe ya dubi surukin. "Ka yi haƙuri, na yi maka alkawari amma abin ya wuce nan. Baba, ƙarya na yi maka ɗazu. Hannun ƙofar sabo ne, kuma shi ya sayo. Shekaranjiya ya kawo mini, ya ce ba zai iya ganin matarsa tana tsallaka kujera da kayan aiki a gaban mutane ba. Ya ce in na gaya mata shi ne, ni da shi. Jiya ina gamawa na kira shi na ce an gama. Ga wayata, a duba."

Saje ya karɓa ya duba, ya gyaɗa kai. Mai Sawu bai yarda ya dubi 'yarsa ba, don aikin bai ƙare ba.

"Saura kai," ya ce da dillali.

Dillali ya yi dariya. "Baba, don na san ƙofa ta lalace? Mai motar ta farko ma ta sani. Duk wanda ya taɓa tayawa ya sani."

"Su ba su san lokacin da mai gadi ke barin get ba. Kai ka sani. Makulli nawa ka ce an ba ka?"

"Ɗaya."

Auta ta danna waya ta ƙara murya. Dattijuwar ta amsa, aka maimaita mata tambayar.

"Biyu na ba shi, 'yata, a zobe ɗaya. Har na ce ya gaya wa mai saye ɗayan yana ɗan cijewa."

"Tsufa ne," in ji dillali. "Ko kuma ya faɗi a rumfa."

"Zo ka gani, saje."

A bakin get, inda ya share ya jiƙa, sawun kowa ya kwanta kamar an buga hatimi. Ya nuna na silifas ɗin fata.

"Takalmi ana sauyawa, tafiya ba a sauya ta. Dubi ƙafar dama, tana buɗewa waje, dunduniyar tana ɗan jan ƙasa kafin ta sauka. Je ka lungun ka sake dubawa."

Saje ya je, ya daɗe, ya dawo ya tsaya a kan dillali ya miƙa hannu. "Wayarka. Mu ga wa ka kira da asuba."

Dillali ya dubi get, ya ga 'yan haya sun riga sun tare. Zufa ta keto masa ta cikin turaren.

"Motar tana nan," ya ce a hankali. "Ba a taɓa ta ba. In an bi a sannu, ba sai abin ya yi nisa ba."

*

An taɓa ta. A wani gareji a bayan gari suka same ta, an cire lamba, an kankare fentin gefe guda, za a mayar da ita fara a sake sayarwa. A wurin akwai wasu biyu da su ma suka taɓa bi ta rumfar dillalin, saje ya ce masu su sun kai ƙara tun bara.

Mai gidan haya ya so ya kori mai gadi duk da haka. Auta da wasu mata biyu suka tsaya masa a ƙofa har ya haƙura, bisa sharaɗin kwaɗo zai riƙa kwana a get.

Rana ta kusa faɗuwa aka shigo da motar, rabi shuɗiya rabi toka. Auta ta zagaya ta sau biyu, ta hau sama ta kira Inna ta ce takwas na safe. Ba ta ce wa mijinta komai ba tukuna, shi ma bai bi ta ba. Ya ɗebo ruwa a bokiti ya fara wanke ƙurar fenti daga gilashi.

Mai Sawu ya tsaya a bayansa yana juya hula a hannu. Ya tuhumi mutane da yawa a rayuwarsa, bai taɓa komawa ya ba wani haƙuri ba, bai ma san ta inda ake farawa ba.

"Da ka yi magana tun farko," ya ce.

"Na yi surutu da yawa a kan motar, Baba. Kunya ta hana ni in dawo in ce ta yi daidai."

"Yau na zarge ka. Tun safe har ƙarfe huɗu, a raina kai ne."

Surukin ya matse tsumman, ya juyo.

"Na sani. Da na durƙusa gaishe ka, ba fuskata ka kalla ba, takalmina ka kalla. 'Yarka ce. Da tawa ce, ni ma sai na kalla."

Mai Sawu ya sa hularsa, ya naɗe hannun riga, ya ce a miƙo masa ɗaya tsumman.